Ƙirga Itace Daban, Ƙirga Iri Daban

Laccar wannan wata, don manoma da makiyaya da matan gida



Laccar yau a kan itatuwa da ciyayi take. Kowa ya san amfaninsu. Daddawa daga ɗorawa take fitowa. Man kaɗe daga kaɗanya. Kuka ta ba da miya, tsamiya ta ba da kunu. Da ƙirya ake sassaƙa turmi mai ƙarko, gawayinta kuma shi maƙera suka fi so. Da bagaruwa ake jima. Da gamba ake zana, da kaba ake tabarma da igiya. Idan rani ya tsananta, 'ya'yan gawo ne ke riƙe tumaki da awaki. Mai maganin gargajiya kuwa, daji shi ne kantinsa.

To, kowane iri da aikinsa. Darbejiya tana da inuwa mai daɗi, amma ba a yin daddawa da ita. Gari yana iya cika da itace, duk da haka matan garin su rasa kalwa, masassaƙi ya rasa ƙirya. Saboda haka idan ana maganar arzikin daji, tambaya biyu ake yi. Itace nawa ne? Kuma iri nawa ne? Tambaya ta biyu ita aka fi mantawa da ita, kuma a kanta laccar nan za ta tsaya.

ƘASA TA CANZA AIKI

A ƙidayar 1991 mutanen Nijeriya sun kusa miliyan 89. A ƙidayar 2006 sun kai miliyan 140. Yanzu sun haura miliyan 200. Ita kuwa ƙasa ba ta ƙaru ko da taku ɗaya ba. Dole wurin da yake daji jiya ya zama gona yau, gona kuma ta zama unguwa gobe. Wannan shi masana ke kira canjin amfani da ƙasa. Ga hanyoyin da yake taɓa tsirrai.

Na farko, daji ya zama gona. Mai sassabe yakan bar itacen da ya san zai ci moriyarsa, kamar kuka da ɗorawa da tsamiya. Sauran kuwa sai gatari da wuta. Marke, taura, tsada, gwandar daji da dargaza ba su cika tsira ba.

Na biyu, saura ta ƙare. A da, idan gona ta gaji, akan bar ta shekaru ta huta. A lokacin hutun nan ne ƙananan itatuwa ke samun damar tasowa. Yau a wurare da yawa ana nome gona kowace damina. Ɗan tsiron da ya leƙo, fartanya ce ke tarbarsa.

Na uku, burtali da makiyaya sun matse. Dabbobi masu yawa sun taru a ɗan ƙaramin fili. Sukan cinye ciyawa mai daɗi tun kafin ta yi iri. Abin da suka ƙi ci shi ke yaɗuwa. Haka garmani ya mamaye makiyaya da dama a kudancin Nijar. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na huɗu, kayan aikin noma sun canza. Garmar shanu da tarakta ba sa son kututture, don haka akan tumɓuke shi har saiwa. Maganin feshi kuma bai san ciyawa ba, bai san ganyen miya ba. Lalo da gasaya da tafasa da mata ke tsinka a gona, duk tare yake ƙone su.

Na biyar, tafiyar ruwa ta canza. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Calawa kuma a 1992. Kafin nan, fadamun Haɗeja da Nguru sukan cika da damina, su janye da rani. Bayan madatsun, wasu wurare sun daina bushewa. Sai ciyawar kacala ta samu gindin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren kiwo da na su. Wurin ya yi kore shar, amma kusan iri ɗaya ne.

Matsalar ba ta ƙasar Hausa kaɗai ba ce. A 2019 wani babban kwamitin masana na ƙasashen duniya, mai suna IPBES, ya fitar da rahoto. Ya jera abubuwa biyar da suka fi rage ire-iren tsirrai da dabbobi. Canjin amfani da ƙasa shi ya zo na ɗaya. A 2020 kuma masanan lambun Kew da ke Ingila suka ƙiyasta cewa iri 2 cikin kowane iri 5 na tsirran duniya suna cikin haɗarin ɓacewa.

YAYA AKE AUNAWA?

Kowa yana iya cewa daji ya ragu. Amma da nawa ya ragu? Wane iri ne ya tafi? Wane ne ke kan hanya? Sai an auna ake sani. Awon nan kashi huɗu ne, kuma babu wanda ya gagari mutumin ƙauye.

Awo na farko: iri nawa ne?

Ba a iya ƙirga daji gaba ɗaya. Mai sayen hatsi ma ba ya zazzage buhu. Yakan ɗebi kaɗan daga sama da tsakiya da ƙasa ya duba. Haka masana ke yi. Sukan ja igiya su killace fili, misali mita 50 a tsawo, mita 20 a faɗi. Mita ɗaya ta yi kusan babban taku ɗaya. Fili goma irin wannan su ne hekta ɗaya, wato kusan eka biyu da rabi. Sai a bi cikin filin a rubuta sunan kowane irin itace da aka gani.

Ciyayi kuwa ƙanana ne, don haka ma'auninsu ƙarami ne. Ana haɗa sanda huɗu, kowace mita ɗaya, su yi kusurwa huɗu. A ajiye a ƙasa, a ƙirga ire-iren da ke ciki. A ɗauka, a ƙara gaba, a sake ajiyewa. An fi yin wannan a ƙarshen damina, lokacin da ciyayi suka yi fure da kai, domin a lokacin ne ake rarrabe su da kyau.

Akwai sharaɗi biyu. Kada mai awo ya zaɓi wuri mai kyau kawai. Shi ya sa akan miƙe layi daga bakin gari zuwa daji, a tsaya bayan kowane taku ɗari ko ɗari biyu, ko wurin ya yi kyau ko bai yi ba. Sannan dole filayen da za a kwatanta su zama girmansu ɗaya. Babban fili kullum yakan fi ƙarami yawan iri. Ba a auna gero da tiya a kwatanta da wanda aka auna da gwangwani.

Awo na biyu: kowane iri guda nawa ne?

Ga misali don a gane. A ce akwai fili biyu, kowane da itace 100, kowane da iri 5. A na farko akwai darbejiya 96, sai kuka ɗaya, tsamiya ɗaya, kanya ɗaya, ɗorawa ɗaya. A na biyu kuwa kowane iri guda 20 ne. A takarda sun yi kunnen doki. Amma a fili na farko, ranar da iska ta ka da kanyar nan, kanya ta ƙare ke nan. A fili na biyu ko biyar sun faɗi, saura 15. Ashe fili na biyu ya fi arziki nesa ba kusa ba. Masana suna da wani lissafi, lissafin Shannon, da ke haɗa yawan iri da daidaiton rabonsu ya ba da lamba ɗaya. Manomi ba ya bukatar lissafin. Ya isa ya rubuta kowane iri da adadinsa a gefensa.

Awo na uku: ina 'ya'yan?

Masana sukan auna kaurin kowace itaciya daidai ƙirjin mutum, wato mita 1.3 daga ƙasa. Sai su raba su: manya, matsakaita da ƙanana. Wannan awo shi ke nuna gobe. Garin da duk mutanensa tsofaffi ne, babu yaro ko ɗaya, kowa ya san makomarsa. Haka gonar da ke da manyan ɗorawa goma amma babu ƙarama ko ɗaya. Yau ana cin daddawa. Jikoki kuwa sai dai su ji labari.

Awo na huɗu: su wane ne suka tafi, su wane ne suka zo?

Lamba kaɗai tana iya ruɗin mutum. A ce fili yana da iri 10. Kanya da ɗinya suka ɓace, tumfafiya da garmani suka shigo. Har yanzu iri 10 ne, amma an yi asara. Don haka ake rubuta sunaye, ba adadi kawai ba. Wasu tsirran ma shaidu ne. Manomi ya san idan ƙuduji ya yawaita a gonar dawa, ƙasa ta gaji. Masana ma suna karanta ƙasa ta irin wannan hanya.

IDO DAGA SAMA

Akwai kuma awo daga sama. Tun zamanin Turawa ake ɗaukar hoton ƙasa daga jirgin sama. A 1972 Amurka ta harba tauraron ɗan Adam na farko cikin jerin da ake kira Landsat, mai ɗaukar hoton ƙasa a kai a kai. Idan aka ajiye tsohon hoto kusa da sabo, sai a ga inda daji ya koma gona, da inda gari ya ci gona. A 2020 wasu masana sun yi amfani da hotuna masu kaifi da kwamfuta, suka ƙirga itatuwa fiye da biliyan 1.8 a yammacin Sahara da Sahel.

Amma hoton sama yana da iyaka. Yana nuna kore. Bai cika rarrabe kanya da darbejiya ba, kuma ba ya ganin ɗan tsiron da ke ƙarƙashin gero. Kafin a san iri, sai an taka ƙasa, an tambayi masu ƙasa.

BAKIN DATTAWA MA MA'AUNI NE

Yaya za a san abin da ke daji shekaru 50 da suka wuce, alhali ba wanda ya rubuta? An gwada wata dabara a Senigal, can yammacin Afirka, a yankin da ake noman gero da gyaɗa kamar a nan. Wani mai bincike, Patrick Gonzalez, ya zaga ƙauyuka 135 a arewa maso yammacin ƙasar. A kowane ƙauye ya zauna da dattawa. Ya riƙa kiran sunayen itatuwa 126 ɗaya bayan ɗaya, yana tambaya: akwai wannan a nan wajen 1945? Akwai shi yanzu? Da aka haɗa lissafi, sai aka ga ƙasar ƙauye ɗaya tana da iri wajen 64 a 1945, amma a 1993 saura 43. Wato kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Hotunan jirgin sama na 1954 da na 1989 su ma sun nuna manyan itatuwa sun ragu. Ilimin dattawa da na'urar masana suka gaskata juna. Da tsohuwar zuma ake magani.

A ƙasar Hausa ma an daɗe da fara tara wannan ilimi. A 1916 wani likita Bature, J. M. Dalziel, ya buga littafin sunayen tsirrai na Hausa. Daga bakin mutanen ƙasa ya samo su. Haka kuma a Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Ibadan da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya akwai ɗakunan da ake ajiye busassun ganyaye da furanni. Kowane an manna shi a takarda, an rubuta inda aka tsinko shi da ranar. Idan takarda ta nuna an tsinko wani iri a wani wuri shekaru 60 baya, yau kuma an neme shi an rasa, to an samu shaida.

FARI NE KO HANNUN MUTUM?

Wani zai ce ai fari ne ya kashe itatuwa. Yana da gaskiyarsa. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 sun kashe itatuwa masu ɗimbin yawa. A binciken Senigal ma an ga ƙarancin ruwan sama yana da babban hannu. To yaya ake rarrabewa? Ana auna filaye maƙwabta, masu ƙasa iri ɗaya, waɗanda ruwa ɗaya ke sauka a kansu. Ɗaya a gandun daji, ɗaya a saura, ɗaya a gonar da ake nomawa kullum, ɗaya a burtali. Tunda ruwansu ɗaya ne, bambancin da aka gani daga yadda ake amfani da ƙasar ya fito. Kowa ma yana iya lura da tsohuwar maƙabarta, inda ba a sara ba a kiwo. Sau da yawa akan ga itatuwa a ciki waɗanda babu su a gonakin da ke kewaye.

DARASI DAGA KANO DA MARAƊI

Kada a ɗauka noma da itace abokan gaba ne. Michael Mortimore, wanda ya yi shekaru yana koyarwa a jami'o'in Zariya da Kano, ya yi bincike a karkarar Kano, inda mutane suka yi yawa ƙwarai kuma ake nome ƙasa kowace shekara. Shi da abokan aikinsa sun tarar manoma suna riƙe da itatuwan gonakinsu, suna kula da su kamar dukiya. Inda itace ke da mai shi, ba a sare shi a banza.

A Maraɗi kuma, a 1983, wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura da wani abu. Ƙananan kurmin da manoma ke sarewa kowace shekara kafin shuka, ashe kututturan itatuwa ne masu saiwa da rai. Ba sai an dasa sabo ba. A zaɓi toho mafi ƙarfi, daga ɗaya zuwa biyar, a sare sauran, a riƙa yi musu aski, a kare su daga dabbobi. Manoman yankin suka kira dabarar sassaben zamani. Bayan yunwar 1984 ta yaɗu daga gona zuwa gona, musamman da manoma suka tabbata itacen da suka rena nasu ne. Da masana suka kwatanta hotunan sama na 1975 da na bayan 2000, suka kuma taka ƙasa, sai suka ƙiyasta hekta miliyan 5 sun farfaɗo a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. A yankin Magarya da Matamaye da Mirya na jihar Damagaram, gawo ne ya cika gonaki. Gawo kuwa abokin manomi ne. Yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa gero rana, kuma yana ƙara wa ƙasa ƙarfi.

Wannan babbar nasara ce. Amma a nan ma a tuna da taken laccar nan. Abin da ke da kututture ko iri a ƙasa shi ke dawowa, kamar sabara da kalgo da geza da gawo. Irin da ya ƙare ƙurmus a yanki ba zai dawo da kansa ba. Sai an nemo ƙwayarsa daga wani wuri, an shuka, an rena.

ABIN DA GARI ZAI IYA YI

Aikin nan ba ya bukatar kuɗi. Littafin rubutu ɗaya, fensir da igiya sun isa.

1. A tara dattawa maza da mata, da makiyaya, da masu magani, da masassaƙa, da maharba. Kada a bar mata a baya, domin su suka fi sanin ganyen miya da 'ya'yan itace.

2. A rubuta sunan kowane itace da ciyawa da aka sani a ƙasar garin. A gaban kowane suna a rubuta ɗaya daga cikin kalmomi uku: akwai, ya ragu, ya ɓace.

3. A zaɓi fili huɗu masu girma ɗaya: a gona, a saura, a burtali ko makiyaya, da daji ko bakin fadama. A kafa duwatsu a kusurwoyinsu don a gane su baɗi.

4. A kowane fili a rubuta iri, da adadin kowane iri, da manya nawa, ƙanana nawa.

5. A sake ƙirgawa kowace shekara a wata ɗaya, bayan ɗaukewar ruwa. A rubuta shekara a saman shafi. A ajiye littafin wurin mai gari.

6. Irin da aka ga yana da manya babu ƙanana, shi za a fara ceta. A tara 'ya'yansa idan sun nuna. A shuka a bakin gona ko a cikin gida, a kewaye da ƙaya. Wanda ya ga ɗan tsironsa a gona, ya kauce masa da fartanya.

7. Idan za a karɓo dashe daga ma'aikatan gandun daji, kada a tsaya ga darbejiya da turare kawai. Darbejiya daga Indiya aka kawo ta, turare daga Ostareliya. Suna da amfaninsu, amma a nemi ɗorawa da tsamiya da kanya da maɗaci su ma.

Littafin nan yana da wani amfani kuma. Ranar da aka zo da maganar yanka burtali, ko sayar da dajin gari, ko ba masu gawayi izini, mutanen gari suna da abin nunawa. Za su iya cewa: a shekara kaza filin nan yana da iri kaza, ga sunayensu, ga amfanin kowane. Magana mai rubutu ta fi nauyi a gaban hakimi da ƙaramar hukuma.

Jama'a, mai awaki yana ƙirga awakinsa kowace yamma. Mai hatsi ya san dami nawa ya sa a rumbu. Itatuwa da ciyayi su ma dukiyar gari ce, sai dai su ba sa kuka idan sun ɓace. Sukan tafi a hankali, iri bayan iri, har ranar da yaro zai ji an ce ɗinya ya tambaya mece ce ita. A fara ƙirgawa bana, tun dattawan da suka san sunayen suna nan.

Allah ya ba da damina mai albarka.